Ranar da Gaɓar Kwalbatin Kurgu Ta Rufta

Na haura shekara talatin a aikin gini, ranaku da yawa sun ɓace mini, amma ban taɓa mantawa da wata Laraba ta farkon damina ba, lokacin da muke gina kwalbati a kan hanyar Kurgu. Tunda yau an tara ku, ku da za ku fara koyo, an kuma ce in yi muku magana a kan kiyaye lafiya a wurin aiki, gara in ba ku labarin ranar nan da in tsaya ina karanto muku dokoki.

Ga wanda bai saba ba, bari in fara da yadda aikin yake tafiya. Ɗan kwangila shi ya karɓo aikin, shi ke kawo kaya. Injiniya yana zuwa daga Birnin Kebbi lokaci-lokaci ya duba ko an bi zane, in bai sa hannu ba ba a zuba kankare. Ni ne foman, wato ni ke tsaye a wurin kullum, ni ke raba aiki da safe, in kuma wani abu ya samu mutum ni za a fara tambaya. A ƙarƙashina akwai birkiloli da kafintoci da masu ɗaurin rodi, kowane ɓangare da babbansa. Sai masu koyo. Sai leburori 'yan aikin yini, waɗanda yau ka gan su, gobe ka ga wasu. Yawancinsu daga ƙauyukan kan iyaka suke zuwa, wasu ma daga tsallake, ɓangaren Benin.

A takardar aikin an gindaya mana sharaɗin ɗaukar mutum huɗu daga yankin mu koya musu sana'a. Hakimi ya aiko mana da samari uku. Na huɗun da ya zo, sai na ɗauka uban ɗayansu ne ya rako shi. Sunansa Hassan, Basarke ne, wato ɗan gidan masunta, daga bakin kogin Kwara, ya kusa arba'in, da matarsa da 'ya'ya biyar. Tun tasowarsa kamun kifi ya sani. Ya ce mini kifi ya ja baya, sai mutum ya yini a ruwa abin da ya kamo bai isa cefane ba, ga shi yana ganin ana ta gine-gine daga Bagudo har Bahindi, maginan kuma duk baƙi ne. Yana so ya koyi abin da zai riƙe gidansa da shi.

Gaskiya ban so ɗaukarsa ba. Na faɗa masa cewa a wurin koyo wanda bai kai ƙanensa ba ma shi zai riƙa aikensa, kuma dole ya je. Ya ce ya ji, ya yarda. Sai na haɗa shi da Bello, babban masu ɗaurin rodi, mutum mai hannu ƙwarai amma mai kaifin baki. Bello bai taɓa kiransa da sunansa ba, sai Basarke. In ya lanƙwasa rodi ya karkace, Bello zai ɗaga sama ya nuna wa kowa ya ce ga ƙugiyar kamun giwan ruwa. A yi ta dariya, shi ma Hassan ya murmusa, ya karɓa ya sake. Wata biyu ya yi a haka ban ji ya mayar da magana ba.

Kwalbatin da muke yi a kan wani rafi ne da ke yanke hanya duk damina, masu kai shinkafa da masara kasuwar Bagudo sai sun sauke kaya sun ɗauka a ka. Irin wannan aikin, ana haƙa rami a ƙetare rafin, a zuba siririn kankare a ƙasa, a ɗaura rodi a kai, injiniya ya duba, sannan a zuba babban kankare. Raminmu ya kusa tsawon mutum biyu. Ƙa'ida ita ce duk ramin da ya wuce ƙirjin mutum, ko dai a kwantar da gaɓarsa ta yi gangare, ko a tokare ta da katako, ƙasar da aka fitar kuma a zuba ta nesa da baki. A ɓangaren yamma mun yi gangaren. A ɓangaren gabas kuwa gonar wani dattijo ce ta zo har bakin aikin, masararsa ta tsiro, ya ce ba za a taɓa masa ko taku ɗaya ba. Sai muka bar gaɓar a tsaye cak kamar bango, muka kuma tara ƙasar a kanta saboda babu wurin zubawa. Katakon tokara yana can rumfar ajiyarmu a cikin gari, na ce ai jar ƙasa ce mai ƙarfi, kwana uku kawai muke buƙata. Ni na faɗi haka, ba wani ba.

Ranar Talata aka yi ruwa mai yawa. Da safiyar Laraba muka kunna inji ya janye ruwan da ya taru, na tura mutum takwas cikin ramin. Injiniya zai zo da la'asar, Alhaji ɗan kwangila kuma ya riga ya kira ni sau biyu yana cewa lalle a zuba kankare ranar Alhamis kafin wani ruwan ya sauko ya cika ramin da laka.

Wajen hantsi ina gindin wata ɗorawa ina karɓar tsakuwa daga mai tifa, sai ga Hassan ya hauro daga ramin ya nufo ni. Mai koyo ba ya barin wurin aikinsa ba da izinin babbansa ba, ba ya kuma tsallake shi ya zo wurin foman. Don haka tun kafin ya buɗe baki na ce ya koma ya faɗa wa Bello ko mene ne. Ya ce ya faɗa masa, Bello ya ce in tsoron ƙasa yake ji ya koma jirginsa. Ya tsaya bai motsa ba.

"Maigida, ka yi haƙuri ka taho ka gani da idonka. In ba komi ba ne, ka kore ni."

Yadda ya yi maganar ne ya sa na bi shi. Muka tsaya a bakin ramin ta yamma, ya nuna mini gindin gaɓar gabas, inda wani ɗan ruwa yake tsattsafowa. Na ce ai tun ranar da muka haƙa yake fitowa, rafi ne, dole ya yi ruwa.

"Shina hitowa, amma hwari tas. Yau duba, ja ne. Ƙasa shike ɗaukowa daga ciki."

Daga nan ya zagaya da ni bayan tulin ƙasar, ta cikin masarar dattijon, ya buɗe ciyawa da hannu. Ga wata siririyar tsaga ta bi tsawon ramin, in ba an nuna maka ba ba za ka kula ba. Akwai wani kara a tsaye a cikinta. Ya ce da safe da ƙyar ya cusa shi. Ya taɓa shi da yatsa, karan ya yi lilo ya kwanta.

"Mu a bakin gulbi, in munka ga haka ba mu ɗaure jirgi ƙarƙashin gaɓa," in ji shi. "Na ga wadda ta danne jirgi da mutum biyu ciki, ɗaya ɗan kawuna ne."

Ba zan ɓoye muku ba, na tsaya ina lissafi. Na ga tsagar, amma na sha ganin tsaga a bakin rami ta kwana bakwai ba ta yi komai ba. In na fitar da mutane, rodi ba zai ƙare ba, injiniya zai zo a banza, Alhaji zai ce a kan maganar mai kamun kifi na tsayar masa da aiki. Sai na leƙa ƙasa na ga kawunansu, duk sun sunkuya suna ɗauri, rabinsu ma ba hular kwano. Na ɗauki guntun rodi na buga a jikin baro, irin bugun da muke yi in lokacin abinci ya yi, na ɗaga murya na ce kowa ya fito, a bar kaya a nan.

Suka fara haurowa ta tsani suna tambayar abin da ya faru. Ban tsaya na ƙirga su ba. Na juya na ce wa Hassan ya ruga rumfar ajiya ya taho da katako da sandunan tokara, ni kuma na koma gefe na kira Alhaji.

Abin da Alhaji ya faɗa mini a waya ba sai na maimaita ba. Ya tambaye ni ko gaɓar ta faɗi, na ce a'a. Ya tambaye ni wa ya ce za ta faɗi, na faɗa masa. Sai ya ce ashe yanzu masu koyo ke ba foman umurni. Ya ce in injiniya ya zo ya koma bai sa hannu ba, in nemi wani aikin.

Muka zauna a inuwa. Rabin awa ta wuce, gaɓar tana nan yadda take. Rana ta yi zafi, mutane suka fara gunaguni, ɗan aikin yini ba ya son zama don bai san ko za a lissafa masa yinin ba. Hassan shiru bai dawo ba. Can Bello ya taso ya tsaya a kaina.

"Foman, yini na tahiya. Layi biyu sunka rage muna. Ka bar mu mu sauka mu ƙare, kahin katakon Basarke shi iso mun hito."

Na dubi gaɓar, na dubi agogo. Wallahi na buɗe baki zan ce su sauka. Abin da ya fito shi ne, su ƙara haƙuri kaɗan. Har yau ban san abin da ya juya mini harshe ba, in ba Allah ba. Bello ya yi tsaki ya ce to bari ya ɗauko makullin lanƙwasa rodinsa da ya bari a ƙasa, kada laka ta rufe shi. Ya je ya ɗora ƙafa ɗaya a kan tsani.

Ba ta yi wata babbar ƙara ba. Kamar dai an jefo buhunan hatsi daga kan mota gaba ɗaya, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashinmu. Gaɓar gabas ta zame da tulin ƙasar da ke kanta da layin masara biyu, ta cika fiye da rabin ramin. Rodin da muka kwana uku muna ɗauri ya kwanta kamar ciyawa. Tsanin ya yi tsalle, Bello ya faɗo da baya a waje. Injin janye ruwa ya yi tari ya mutu, wurin ya yi tsit, sai salati.

Sai a lokacin na ƙirga. Takwas na tura da safe. Na aiki Hassan, saura bakwai. Na ƙirga na samu shida. Na sake ƙirgawa ina taɓa kafaɗar kowa, shida.

Da farko ma ba wanda ya iya cewa wa ya ɓace. Sai wani kafinta ya ce ina Badenden nan, Yakubu? Lebura ne ɗan wata ƙabila ta tsallaken iyaka, kwana uku ke nan da fara zuwansa, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da sunayen kayan aiki ba. Aikinsa miƙa rodi, a can ƙarshen ramin kusa da injin, inda ƙara ba ta barin mutum ya ji kira. Na tambaya ko akwai wanda ya ga fitowarsa. Babu. Rigarsa tana rataye a reshen ɗorawa. Wani da ke da lambarsa ya kira, wayar ta yi ƙara a aljihun rigar.

Mutane suka zabura za su diro cikin ramin, na tare su, don sauran gaɓar tana iya biyowa ta haɗa da masu ceto. Na sa mutum ɗaya ya tsaya sama yana kallon tsagar, in ta motsa ya yi ihu. Sauran muka sauka ta gangaren yamma. Na hana a sa diga, kada a sare shi. Da shebur muka fara, da muka kai inda muke zaton yake muka koma tono da hannu. Jar laka ce mai nauyi, ka ɗebe nan ta zubo can. Manoma suka baro gonakinsu suka zo da fartanya da kwanoni, har dattijon mai masara, ya tuɓe rigarsa ya shiga layi ana miƙa masa ƙasa. Bello ne a gaba, farcensa ya fashe yana jini bai sani ba, yana tono yana kiran sunan Yakubu, muryarsa ta dushe.

Ni kuwa hannuna na tono, zuciyata tana wani wuri. Na san mutum ba ya daɗewa a ƙarƙashin irin wannan ƙasa. Ina tunanin in mun fito da shi, ina zan kai shi? Ban san sunan garinsu ba. Ban san sunan mahaifinsa ba, ban san ko yana da mata ba. A takardata abin da na rubuta kawai shi ne Yakubu, lebura. Zan tsallaka iyaka ke nan in riƙa bin ƙauyuka ina tambayar wa ya rasa ɗa.

Mun fi minti ashirin a haka. Sai na ji wata mata daga cikin masu kallo a sama tana cewa, wancan ba shi ne kuke nema ba? Na ɗago. Amalanken shanu ce tafe a kan hanya, an lafta mata katako. Hassan yana gaba yana jan igiya. A bayanta, yana dafe da katakon kada ya zame, ba riga, ga Yakubu.

A cikin lakar na zauna.

Abin da ya faru shi ne, da na buga baro mutane suka nufi tsani, Hassan ya hango Yakubu bai ɗago ba, yana ta jan rodi. Shi Hassan ya iya Dendanci, a ruwa ya koya wurin masuntan tsallake. Sai ya zaga ta ƙarshen ramin ya kira shi da harshensu, ya miƙa masa hannu ya jawo shi ta bayan injin. Da ya ga katakon ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ya tafi da shi. Kowa hankalinsa yana kaina ina waya, ba wanda ya ga tafiyarsu. A cikin gari kuma suka tarar mai riƙe da makullin rumfa ya tafi gona, sai da suka nemo shi, suka kuma nemo amalanke.

Bello ya hauro da gudu ya rungume Yakubu, ya shafe shi da laka tun daga wuya har ciki. Yakubu ya tsaya yana kallon taron, mata suna share hawaye, maza sun yi kaca-kaca da laka, ya juya ya yi wa Hassan magana a hankali.

"Shina tambaya wa ya rasu," in ji Hassan.

Bello ya ce, "Hwaɗa mai shi ne."

Aka fashe da dariya, wasu suna dariyar suna kuka. Dattijon mai gona ya ɗaga hannu ya yi addu'a, muka shafa. Mun daɗe a zaune ba wanda ya iya komawa kan wani aiki.

Injiniya ya iso da la'asar kamar yadda ya ce. Ya zagaya ramin, ya dubi gaɓar da ba tokara, ya dube ni. Ban jira ya tambaya ba, na ce ni na bar ta haka, na kuma faɗa masa wanda ya ga alamar. Ya sa aka kira Hassan ya sake yin bayanin ruwan da karan, yana saurare yana rubutawa. Ya ba ni takardar gargaɗi, kuma na cancance ta. Ya ce ba mai sake sauka sai an kwantar da gaɓar an tokare ta, an kwashe ƙasar daga baki. Dattijon da kansa ya ce a ci iya abin da ake buƙata na gonar. Washegari Alhaji ya zo ya tsaya a bakin ramin, ya daɗe yana kallon rodin da ya lanƙwashe, ya yi hamdala, ya shiga mota ya aiko da huluna da takalma na kowa. Maganar da ya yi mini a waya bai sake tayar da ita ba, ni ma ban tayar ba. Aikin ya ƙara kwana tara.

Na kira Hassan gefe na ce masa ya yi daidai da ya tsallake babbansa ya zo wurina, amma ya yi kuskure da ya tafi da mutum bai faɗa wa kowa ba. Ya ce haka ne. Na ce nawa kuskuren ya fi nasa, don da na ƙirga su a bakin tsani da ba a yi wannan tonon ba. Tun daga makon nan Bello ya koma kiransa Malam Hassan, ya kuma zauna ya koya masa karanta zanen rodi, abin da bai cika koya wa kowa ba. Hassan ya ƙare koyonsa a hannunmu. Yanzu yana Lafagu yana karɓar aikin kansa, da mutum uku a ƙarƙashinsa.

Abin da na ɗauka daga ranar nan, ku ma ku riƙe. Wanda ya zo koyo ba fanko ya zo ba. Manomi ya san ƙasa, masunci ya san ruwa, makiyayi ya san hadari tun yana nesa, kuma ramin da kuke ciki bai san wane ne foman wane ne ya fara jiya ba. In ka ga abin da bai kwanta maka ba, ka faɗa wa babbanka. In ya yi maka dariya, ka zo wurina, ba zan kore ka ba. Ku kuma manya da ke zaune a baya, in an tsayar da aiki aka zauna awa guda ba abin da ya faɗi, kada ku ce an yi asarar yini. Sau da yawa ba abin da zai faɗi, haka ake so.

Gobe da safe kafin a ba kowa shebur, zan zauna da ku ɗaya bayan ɗaya in tambayi sunan mahaifinku, da garinku, da wanda za a kira, da harshen da kuka fi ji. Duk wanda zai sauka rami sai na ga fuskarsa, in ya fito ma sai na gani. Kada ku ce tsohon nan ya cika tambaya. Na taɓa tona ƙasa da hannuna ina neman mutumin da ban san inda zan kai gawarsa ba. Allah Ya rufa mini asiri ya dawo da ƙafarsa, ba na so in sake tsayawa a wannan matsayi.